Kashi Na Sha Ɗaya Da Na Goge A Wayar Inna

Shekarun baya, lokacin da bakina ya fi hankalina sauri, na goge wani fim ɗin Koriya daga wayar mahaifiyata don in sa mata na China. Aikin bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Ashe a cikin fim ɗin nan ta ajiye hanya ɗaya tak da take da ita ta gaya mini ba ta da lafiya, ni kuma na sa yatsa na share.

Na kawo zancen ne saboda cacar bakin da kuka yi ta yi a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya, masu Koriya a gefe, masu China a gefe. Har wata ta ce ta lura ina sukar komai a fina-finan nan, amma ban taɓa sukar fim ɗin Koriya mai asibiti ba, ko dai biya na ake yi? Ba a biya na, 'yar uwa. Zauna ki ji dalili.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi, wanda bai sani ba kuma bari in gaya masa. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi. Mahaifiyata kuwa, da muke ce wa Inna, jinin Fulanin Gwandu ce, ta riƙe al'adar nan da hannu biyu. Ana yaye ni aka kai ni Kalgo wurin goggona. Can na girma, can na koyi ɗinki, can aka yi mini aure, can shagona yake har gobe. Shi ya sa a bakin Inna ba ni da wani suna sai "ta Kalgo".

In na je Gwandu, ina zaune a tabarma ɗaya da ita, sai ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ce ma ta Kalgo ga hura nan, ta sha tun ba ta yi tsami ba."

Ƙanwata, shaƙiyiya, sai ta gyara murya ta ce, "Adda, wai ki sha fura."

Ni kuma in ce, "Ce mata na gode."

Mu uku ne fa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Mukan yi dariya, amma a raina abin yana ci na. Ban taɓa shakkar tana so na ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma wata bai taɓa ƙarewa ba tare da wani direba ya sauke mini ƙullin ƙuli a shago ya ce daga Gwandu ba. Sai dai in na ga ƙanwata ta miƙe a cinyarta ana yi mata tsifa, suna hira ƙasa-ƙasa, nakan tashi in bar musu wurin. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma wallahi kishin yarinyar nan nake yi.

Fim ne ya fara buɗe mana baki, ni da Inna. Na saya mata waya mai babbar fuska don ta riƙa ganin hotunan jikokinta. Ƙanwata ta kai wayar wurin masu tura fina-finai a bakin kasuwa, aka cika memori da fassararru, irin waɗanda mutum ɗaya yake yin muryar kowa da Hausa, tun daga sarki har mai shara. Da na dawo bayan wata biyu, sai na tarar Inna ta zama 'yar Koriya ta gaske. Tana gama suyar ƙuli za ta wanke hannu, ta jingina wayar da ƙwarya, ta zauna a inuwar dogon yaron tsakar gida.

Ni kuwa kun san ni, China nake tun asali. Ina son manyan riguna masu jan ƙasa, saboda idon tela gare ni, nakan tsayar da fim don kawai in ga yadda aka haɗa wuyan riga. Ina son fada da makirci, da yadda mutum zai shekara goma yana shirya ramuwa bai gaya wa kowa ba. Na Koriya kuwa a ganina ɓata caji ne. Mutum biyu su tsaya suna kallon juna har tuwo ya huce. Yaron mai kuɗi, yarinyar talaka, uwarsa ta watsa mata ruwa a fuska, mota ta buge wani, ya farka ya manta sunansa. Ga mazan sun fi matan shafa hoda.

Wata rana na zauna kusa da ita ina zuba irin wannan, ina yi kamar da ƙanwata nake. Sai na ji Inna, idonta a kan waya, ta ce, "Su dai waɗanga sun san kunya. Dubi yadda taka miƙa ma tsohuwa ruwa da hannu biyu. Kuma ba su shiga ɗaki da takalmi."

Na waiga. Ƙanwata ba ta wurin, ta shiga ɗaki tun ɗazu. Da ni Inna take magana.

Murna ta kama ni, amma na dake. Na ce, "Inna, ai na China ma suna da ladabi, har ƙasa suke zubewa."

Ta ce, "Awo, su zube ƙasa su tashi su zuba ma mutum guba. Kuma mutum shi tashi sama kamar shirwa, ba shi noma, ba shi kiwo, to mi shika ci? Ni ban taɓa ganin sun ɗora tukunya ba."

Na yi dariya har da hawaye. Rabin hawayen ba na dariya ba ne.

Daga ranar muka samu abin yi. Ba ta kallo na, wayar take kallo, amma magana tana zuwa kai tsaye. Ta ce na China sun cika tsawo, mutum ya fara da rani sai damina ta sauka ba a gama ba, a ƙarshe kuma a kashe duk wanda ka so. Na ce na Koriya suna fara daɗi sai a tsakiya su saki layi, marubucin ya rasa abin yi ya kawo hatsarin mota. Ta ce giyar da suke sha a kowane zama ita kaɗai ce ke ɓata mata rai da su, sai ta kau da kai har a wuce wurin. Na ce a na China ma akwai sujada ga gumaka, ni ma wucewa nake. A kan wannan kaɗai muka taɓa yin baki ɗaya. Da nakan yi wata uku ban je Gwandu ba, sai ga ni duk bayan mako biyu ina tashar mota, in sauka Birnin Kebbi in canza wata, don kawai in je in yi musu da uwata a kan mutanen da ba su san muna duniya ba. Maigidana har ya fara tsokana ta, wai ko an buɗe gidan kallo ne a Gwandu.

Sai aka yi wa ƙanwata aure, aka kai ta Dalijan. Mahaifinmu ya riga ya rasu da jimawa, saboda haka Inna ta zama ita kaɗai a sashenta, sai iyalin ƙanin mahaifinmu a ɗaya ɓangaren gidan. Ba a daɗe ba ƙanwata ta samu ciki, cikin fari mai laulayi, ba ta iya ko shiga mota.

A wannan tsakanin ne Inna ta ji wani ɗan ƙululu a mamanta na dama. Wannan daga baya na sani. Ta nemo magani wurin wata tsohuwa a Dodoru tana shafawa, abin bai tafi ba, sai girma. Ba za ta gaya wa ƙanin mijinta ba, namiji ne. Ba za ta gaya wa matarsa ba, don kafin la'asar unguwa ta ji. Ba za ta gaya wa ƙanwata ba, tana tsoron kada ta firgita yarinya mai ciki. Saura ni. Ni kuma 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ta iya faɗa, balle ta buɗe mata ƙirji. Kuma mai kai saƙon "ce ma ta Kalgo" ta tafi gidan miji.

Zuwana na farko a bazarar nan, ana zafi kamar a gasa mutum, na tarar da ita lulluɓe da babban mayafi a cikin ɗaki, turaren wuta ya cika ko'ina. Na ce, "Inna, wannan turare kamar ɗakin amarya!" Ta jawo waya ta ce, "Zamna ki ga wanga."

Wani fim ɗin Koriya ne da ban taɓa gani ba. Ta ba ni labarinsa a taƙaice: wata mata ce mai ɗan shagon abinci, mijinta ya mutu, babbar 'yarta tana aiki a wani gari, ba su cika jituwa ba. Ta ce kashi goma sha shida ne, ita tana na sha ɗaya. Ta kunna. Muka kalli matar tana yanka kabeji, tana dafe ƙirji. Sai ga ta ta sa kaya ta shiga mota ita kaɗai. Sai ga farin gini, ga mutane masu fararen riguna.

Ina ganin asibitin nan na tafa hannu. "Ga shi nan! Na rantse na san za a zo nan! Ciwo kuma!"

Inna ta ce, "Bari dai ki gani."

Ina! Ai bakina ya riga ya kama wuta. Na ce wannan ita ce babbar cutar fina-finan Koriya, in labari ya ƙare musu sai su ɗora wa wani ciwon daji don a yi kuka. Na ce yanzu za ta ɓoye wa 'yarta, wai don kada ta tayar mata da hankali. Wace irin wauta ce wannan? Wane mai hankali ne zai zauna da ciwo yana da 'ya'ya bai faɗa ba?

A hankali ta ce, "Akwai masu yi."

Na ce, "A fim dai. Kuma Inna kada ki wahalar da idonki, in gaya miki ƙarshen tun yanzu. Mutuwa za ta yi. Duk wanda aka ce yana da ciwon nan ai ya tafi ke nan, asibitin ma wahala ce kawai, a yanke mutum, gashi ya zube, a ƙarshe a koma gida da gawa."

Haka na faɗa. Na sha juya kalmomin nan a raina ko zan samu wata sassauƙar siga da na faɗe su, babu. Haka na faɗa, ina tauna ƙulinta, a gaban mace mai ƙululu a ƙirji tana neman wanda zai raka ta asibiti.

Ta kashe wayar. Ta ce rana ta yi, in tashi in ci abinci.

Bayan mako biyu na koma. Muna gama gaisawa ta sake jawo wayar, ta sake kunna kashi na sha ɗaya, daga wurin yankan kabejin. Ni da wayona sai na ɗauka tsufa ne, ta manta yadda ake wucewa gaba. Na karɓi wayar ina koya mata kamar 'yar aji ɗaya. "Kin ga nan, Inna, in kin taɓa wannan kibiyar sai ya tafi na sha biyu."

Ta ce, "Na iya."

"To me ya tsayar da ke a nan mako biyu?"

"Wanga nika so ki gani har ƙarshe."

Na ce to, don in faranta mata. Mun kai wurin da likita ya miƙa wa matar wata takarda, ta dawo gida ta naɗe ta, ta cusa a cikin wata tukunya da ba a girki da ita. Sai wayata ta yi ƙara. Wata da na yi wa ɗinki ce daga Kalgo, tana faɗa a kan hannun riga, wai na yi mata mai faɗi ita matsattse ta ce. Na fita zaure ina ba ta haƙuri, daga nan muka zarce hirar yayin atamfa. Da na dawo, wayar Inna tana kife a kan tabarma, ita kuma ta juya baya tana tsince gyaɗa da hannu ɗaya. Na ce a ci gaba? Ta ce caji ya ƙare. Na ga fitilar wayar tana haske ta gefe, amma ban ce komai ba, don a gaskiya daɗi na ji.

Zuwa na uku shi ne wanda na yi ta'asar. An fitar da wani sabon na China, kashi sittin, na kalle shi a kwana tara har ɗinki ya taru mini. Na ce wallahi sai Inna ta ga wannan, a nan musunmu zai ƙare, za ta sallama. Na zo da shi a wayata. Da ta tashi sallar la'asar na ɗauki tata zan tura, sai ta nuna babu wuri. Na duba na ga fim ɗin mai abincin nan ne ya cinye rabin memori. Na ce a raina, wannan da ya maƙale mata a kashi ɗaya kamar ƙaya, gara in raba ta da shi. Na danna, wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Ta idar da salla, ta shafa addu'a, ta matso ta ɗauki wayar. Na ga yatsanta yana hawa yana sauka. Ta daɗe tana nema. Sannan ta ɗago, ba ni ta kalla ba, bango ta kalla, ta ce, "An goge."

Na ce, da fara'ata, "Ni na goge, Inna. Na sa miki wanda ya fi shi sau goma. Wannan babu asibiti, babu kuka, sai takobi."

Ta ajiye wayar a kan tabarma. Can ta ce, "To. Allah shi yi albarka."

Da zan tafi ta ɗauko ƙullin ƙulina. Maimakon ta miƙo mini, sai ta ajiye a ƙasa ta turo shi da hannun hagu. Inna da take yabon masu miƙa abu da hannu biyu! Na ji haushi, na ce a raina fushin fim ne, tsofaffi da rigima. A mota har ina shirya yadda zan ba ƙanwata labari mu yi dariya. Ban kawo a raina cewa hannun daman ne ba ya ɗaguwa ba.

Daga nan azumi ya kama, ɗinkin salla ya rufe ni. Bayan salla damina ta sauka, ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi, sai kuma ɗinkin babbar salla. Uzuri dai ba ya ƙare wa mai nemansa. Gaskiyar magana ita ce musun ya mutu. In na kira na ce, "Inna, kin kai kashi na nawa?" sai ta ce, "Ina nan dai." Ba ta ƙara cewa komai a kan shirwa ko tukunya ba. Na yi fushi ni ma, na ce tunda abin gaba ne a zauna a haka. Wata huɗu ban taka Gwandu ba. Ƙulin ma ya daina zuwa, na ɗauka duk cikin horon ne.

Ƙanwata ta haihu, aka kawo ta gida wankan jego kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Uwa ce ke dafa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganye ta yi wa mai jego wanka. Da safen farko Inna ta sunkuya za ta sauke tukunyar, hannu ya ƙi, ruwa ya kife, mayafin ya zame. Ƙanwata ta ga abin da turaren wuta yake ɓoyewa.

Ina shago da hantsi ina yanka wani leshi wayata ta yi ƙara. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Adda, ki zo. Ki zo yanzu. Ƙirjin Inna ya fashe."

Ban san yadda na isa Gwandu ba. Na dai san na bar almakashi a cikin leshin mutane, kuma da silifas daban-daban na shiga mota.

Muka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, suka duba suka tura mu Sakkwato. Likitar da ta gan mu mace ce, mai sanyin magana. Ta tambayi Inna tun yaushe ta fara jin abin. Inna ta ƙirga da watannin Musulunci, ya kusa shekara. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Mama, ba ki da 'ya'ya ne?"

Ina tsaye a bayan kujerar. Inna ta ce, "Ina da su. Ɗiyan kirki. Na so in hwaɗi."

Da muka fito na bi likitar na tambaye ta, da mun zo tun bazara fa? Ba ta ce da Inna ta warke ba, kada in yi mata ƙarya. Ta ce rai na Allah ne, amma da akwai abubuwa da yawa da za a iya yi a lokacin waɗanda yanzu sun wuce. Ta ce mata da dama suna zuwa da wuri a yi musu aiki su koma gida su ci gaba da rayuwarsu. Na tuna bakina cike da ƙuli ina cewa asibiti wahala ce kawai. Na samu wani benci na zauna.

Aka yi abin da za a iya, aka ba mu magungunan rage zafi, muka dawo Gwandu. Na rufe shago na tare a ɗakinta. Ni nake wanke ciwon safe da yamma. Ranar farko ta rufe ido ta juya fuska bango, hawaye yana bin kuncinta, kuma na san ba zafin ciwon ba ne kaɗai. Kunya ce, har a lokacin.

Wata ranar kasuwa na ɗauki wayarta na tafi wurin masu tura fina-finai. Ko sunan fim ɗin ban sani ba, ni da nake ji da kaina a harkar. Na tsaya gaban mutumin ina kwatance kamar mai cigiyar akuya: na Koriya ne, akwai mata mai shagon abinci, akwai kabeji, akwai takarda a tukunya. Ya ce, "Hajiya, ai rabinsu haka suke." A da ni ce zan fara dariya. Ya ga fuskata, ya daina murmushi, ya zauna ya yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya har muka same shi. Na ce ya goge na Chinan gaba ɗaya. Da zai goge na lura ko kashi na ɗaya ba a taɓa buɗewa ba.

Bayan azahar na jingina wayar da ƙwarya a gefen katifarta na kunna na sha ɗaya. Ta buɗe ido ta ga kabejin, ta dube ni. Wannan karon ni ta duba, ba bango ba. Na kashe tawa wayar na cusa ƙarƙashin filo. Na kama bakina.

Matar ta je asibiti, ta dawo, ta ɓoye takarda. Sai ga 'yar ta zo hutu. Suka ɗan yi cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Uwar tana zuba mata miya, cokali ya kuɓuce daga hannunta. 'Yar ta tsaya tana kallon hannun. Da uwar ta fita, ta tashi ta shiga duba kicin, kwano bayan kwano, har ta kai ga tukunyar. Ta karanta takardar a tsaye. Sannan ta ɗauko rigar sanyin uwar da takalmanta, ta je ta durƙusa ta sa mata su da hannunta, ta kama ta suka nufi asibiti. Daga ɓoye takardar zuwa nan bai fi minti goma ba. Minti goma ya rage mini ranar da na fita zaure ina zancen hannun riga.

Inna ta ce, "Kin gani? Uwar ba ta ce komi ba. Ɗiyar ce ta duba."

Na sa yatsa na tsayar da fim ɗin.

Ta ce, "Nan nika so ki kai. Na ce in kin ga wurin ga, sai in ɗaga mayahi kawai, ba sai na yi magana ba."

Na kifa kaina a gefen katifar na yi kukan da ban taɓa yi ba tun ina yarinya. Ina cewa ta yafe mini, ta yafe mini. Sai na ji hannunta na hagu a kaina, tana shafa kitsona, yadda na sha ganin tana yi wa ƙanwata. Ta ce ba ni da laifi, ita ce Allah bai ba ta baki ba. Ta ce, "Ke kuma Ya ba ki har da nawa." A cikin kukan sai da muka yi dariya.

Da na lafa, ta nuna wayar da haɓa. "Ke da kin san ƙarshen kowane, wagga tana tashi?"

Na buɗe baki, na rufe. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "To mu bi shi sannu. Ɗaya-ɗaya."

Ba kullum take iya kallo ba, wani lokaci maganin yana sa ta barci, wani lokaci zafin ba ya bari. Mun ga na sha biyu. Mun ga na sha uku a zama biyu, aka yi wa matar aiki, 'yar tana kwana a kujera. Inna har ta samu ƙarfin yin suka, ta ce wannan likitan ya cika gayu, da ganin gashinsa ya fi daɗewa gaban madubi fiye da gaban marasa lafiya. Mun fara na sha huɗu ranar wata Laraba, ta ce ta gaji, a bari sai gobe. Ranar Alhamis da hantsi ta cika, ina riƙe da hannunta. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kuma yanzu ba na jin zafin wannan. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na san rai ba ya wuce lokacinsa, an gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Amma sanin hakan bai taɓa hana ni tuna tambayar da wayar nan ta yi mini ba, ko na tabbata. Ba na zagin al'adarmu, a cikinta aka haife ni, kuma na ga soyayyar da ke ƙarƙashinta. Sai dai ni babbar 'yata sunanta nake kira, da ƙarfi ma, har goggona tana cewa na zubar da mutunci. Kuma in tsohuwa ta zo shagona da mayafi mai kauri a cikin zafi, ko ta miƙo kuɗi da hagu, nakan ajiye tef in zauna kusa da ita in yi shiru. Shirun nan da wuya na koye shi.

Har yanzu ina ganin na China sun fi iya ɗinki da makirci, na Koriya kuma suna jan abu kamar ƙaro. Ku ci gaba da musunku, da daɗi. Amma wurin da na fi yi wa dariya a fina-finan Koriya, wai babu mai hankalin da zai ɓoye ciwo ga 'ya'yansa, nan ne suka fi ni sanin uwata.

Memorin yana cikin gwangwanin da nake ajiye allurai. Kashi biyu da rabi suka rage. Na san a cikinku akwai waɗanda suka gane fim ɗin daga kwatancen da na yi, kuma na san hannunku yana ƙaiƙayi. Don Allah kada wanda ya gaya mini ko matar ta tashi. Inna ta ce a bari sai gobe.